Wasiƙa daga Ottawa: Ramin da Gwamnati ta Haƙa wa Kanta

Assalamu alaikum aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, da iyali da su Hajiya. Ya zafin Kano? Mu nan sanyi ya fara sauka, sai addu'a.

Ka daɗe kana yi mini tsiya wai ban san ko'ina a Kanada ba sai aji da masallaci. To Asabar ɗin da ta wuce na fita. Mun je wani ƙauye mai suna Carp, kimanin kilomita 30 yamma da Ottawa, inda gwamnati ta gina mafakar ƙarƙashin ƙasa saboda tsoron bam ɗin nukiliya a zamanin Yaƙin Cacar Baka. Ana kiran wurin Diefenbunker, don a lokacin Firaminista John Diefenbaker aka gina shi, daga 1959 zuwa 1961.

Idan ka iso ba za ka ga komai ba sai wata 'yar rumfar kwano a gefen tudu. Kana shiga sai ga dogon rami na ƙarfe, ya haura mita 100, buɗe ta gaba da baya. Mai yi mana jagora ya ce da gangan aka bar shi haka: idan bam ya tashi, guguwar ta shiga ta nan ta fice ta can, ita kuwa ƙofar ainihi tana gefe a tsakiyar ramin, ba ta fuskantar bugun. Daga ƙofar sai ɗakin wanka, inda duk wanda ya shigo da ƙurar nukiliya zai tuɓe, a jefar da kayansa, ya yi wanka kafin a bar shi ya wuce.

Ciki kuwa hawa huɗu ne, duk a ƙarƙashin ƙasa, ɗakuna sun fi 300. An tsara shi ya ɗauki mutum 535 na tsawon kwana 30. Akwai asibiti har da ɗakin tiyata, da ɗakin cin abinci da aka manna wa hoton tsaunuka a bango don kada mutane su manta da duniya, da ɗakin watsa labarai na gidan rediyon CBC inda za a yi wa sauran waɗanda suka rayu jawabi. Tsofaffin wayoyin tarho da injunan buga saƙo suna nan a kan tebura kamar masu su sun fita salla ne za su dawo.

Amma abin da ya tsaya mini a rai ɗakin kwanan Firaminista ne. Gado ɗaya, na mutum ɗaya. Dokar wurin ita ce babu mai zuwa da iyali, ko shi shugaban gwamnati. Minista ko janar ko mai dafa abinci, idan ƙararrawa ta kaɗa, zai bar mata da 'ya'ya a sama ya sauka. An ce Diefenbaker da ya ji ba wurin matarsa Olive, ya ce shi ma ba zai shiga ba, kuma har ya bar mulki bai taɓa taka wurin ba. Sai kuma muka gangara can ƙasa, aka nuna mana katafaren ɗaki mai ƙofar ƙarfe wanda aka tanada don zinaren Babban Bankin Kanada. Ka ji fa, mutumina. An samar wa zinare masauki, ba a samar wa jariri ba. Na san hujjarsu, wai dole gwamnati ta ci gaba ko da ƙasa ta ƙone. Ni dai ban gamsu ba. Gwamnatin wa, idan ta fito bayan wata guda ta tarar da toka?

Sirrin ma bai daɗe ba. An ce wa jama'a tashar sadarwar soja ake ginawa, amma tun 1961 wani ɗan jarida daga Toronto ya bi ta sama a jirgi ya fallasa maganar.

Ina tsaye a ciki na tuna da labarin da malaminmu na tarihi ya ba mu, cewa a shekarun nan ne Faransa ta gwada bam ɗinta a Reggane cikin hamadar Aljeriya, a 1960, har gwamnatin Tafawa Ɓalewa ta kori jakadan Faransa a farkon 1961. Kakanninmu da iskar hunturu ke kaɗo wa ƙura daga Sahara ba wanda ya haƙa musu rami.

Sojoji sun bar wurin a 1994, mutanen ƙauyen suka tsaya tsayin daka kada a rufe shi, ya zama gidan tarihi. Yanzu tikiti kake saya ka shiga, yara na guje-guje a ɗakin taron majalisar yaƙi, har wasan neman hanyar tserewa ake shiryawa a ciki da yamma.

Hotunan ba su fito sosai ba saboda hasken wurin, amma zan turo maka ta WhatsApp. Idan Allah ya kawo ka taron da kake magana a bazara, zan kai ka, sai dai ka zo da rigar sanyi ko da ana rana a waje. Ka gaishe mini da Hajiya, ka ce yajin da ta aiko ya kusa ƙarewa.

Naka har kullum,
Amininka na Ottawa