Wasiƙa daga Kuusamo, ƙasar Finland: kuɗin Nuwamba da maganar Auta

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da Inna da su Gwaggo. Ya aikin kaka? Allah Ya sa an samu albarka. Ni lafiyata ƙalau, sai ɗan sanyi, shi ma ba wani abu ba ne.

Na turo Yuro 300 ranar Litinin ta hanyar da muka saba. Na san bai kai na watan jiya ba. A fara cire kuɗin maganin Inna na wata biyu, ragowar a sayi gero da masara yanzu da hatsi ke da sauƙi, kafin 'yan kasuwa su kwashe su kulle a sito. Ko sisi kada ya shiga maganar tafiyar Auta.

Labari ya iso ni cewa ana yaɗawa a unguwa wai an sallame ni daga aiki, don wani ya ga hoton dajin nan a Facebook baƙi ƙirin babu dusar ƙanƙara, har maganar ta kai kunnen Inna. Ba a sallame ni ba. A farkon kaka irin tasu ta nan, awa ake ƙirga mana, awannin kuma sanyi ke kawo su. Bari in yi maka bayani dalla-dalla, ka karanta mata, ka kuma nuna wa Kawu tunda shi ne ya fi ɗaga maganar.

Hanyoyin da muke gyarawa na masu gudun zamiya ne a cikin daji, waɗanda ke ɗaura siraran alluna biyu a ƙafa suna tura kansu da sanduna. Tun Satumba ake fara shirya ƙasa: a yanke ciyawa da ƙananan itatuwa, a tone duwatsu da kututture, a yashe lambatu da kwalbati, inda ruwa ke kwanciya kuma a zuba ɓarzajjen itace. Dutse ɗaya da aka bari, sai an ƙara taƙi guda na dusa kafin ya ɓuya, in ba haka ba ya kankare gindin allunan mutane ko ya karya haƙorin inji. Wannan an gama shi tuni.

Abin da ke buɗe hanyar farko a Oktoba kuwa dusar bara ce. Tun cikin hunturun da ya wuce ake tara ta tsibi guda kamar tudu, a lulluɓe ta da garin katako mai kaurin santimita 30 zuwa 40, wasu wuraren kuma da wani farin mayafi mai kauri. Dabarar masu sayar da ƙanƙara ce ta kasuwarmu, girman ne kawai ya bambanta. Garin katakon yana shan danshi, rana ta busar da samansa, ƙasansa ya zauna da sanyi. Zafin bazara yakan cinye kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari, saura ya kai Oktoba. Sai motar haƙa ta yaye garin katakon, ta loda wa tifa, a bi hanya ana zubewa ana bajewa. Yi lissafin da kanka: kilomita 1, faɗin mita 5, kaurin rabin mita, ya kama kubik mita 2,500, wato sawu 250 na tifar da ke cin kubik 10. Shi ya sa hanyar farko ba ta cika wuce kilomita ɗaya ko biyu ba, mutane su yi ta zagaye a kanta. In aka yi sakacin yaye garin katakon ya gauraya da dusar, hanya takan yi dauɗa, alluna su riƙa cijewa, kuma duk inda ya yi duhu nan rana ke fara ci. Makon shimfiɗar nan ne aka yi aiki dare da rana, shi ya sa kuɗin watan jiya ya yi kauri.

Daga nan sai jira. Akwai injinan feshi masu haɗa ruwa da iska su mai da shi dusa, amma ba sa aiki sai sanyi ya kai kamar digiri 3 ƙasa da sifili, kuma iska ba ta da laima sosai. In aka kunna su a digiri 1, ruwa kawai za su yi ta zubarwa, ya daskare ya zama gilashi a kan hanya. Sun fi ba da amfani daga digiri 8 zuwa 10 ƙasa da sifili. Abin da suka fesa ma ba a baje shi nan take, sai an bar tsibin kwana biyu ko uku ruwan cikinsa ya tsane. Ana kashe inji kuma dole a zazzage ruwan da ke cikin tiyo, don in ya kwana ya daskare, tiyon ya fashe ko ya toshe. Wannan aikin dare ne, shi ne mai kuɗi, kuma makonnin nan sama ta ƙi ba da sanyin. Iska mai ɗumi ce ke kaɗawa daga kudu da yayyafi, ita kuwa ta fi ruwan sama cin dusa.

Yaya, maganar Auta. Na ji wai wani ejan ya ce a ba shi kuɗi zai samo masa aiki irin nawa. Ƙarya yake yi. Aikin nan na 'yan watanni ne, masu shi 'yan gari ne da suka tashi a kan babur ɗin ƙanƙara tun suna yara, ba a ɗaukar mutum daga nesa ta hannun dillali. Izinin zama don aiki kuma sai da takardar wanda zai ɗauke ka, hukumar shige da fice ta Finland ce ke bayarwa, ba wani mai shago ba. Kada a sayar da gonar bakin rafi. Kada a jinginar da ita. In Auta ya matsa, ka ce ya kira ni da bakinsa. Ina jin nauyin cewa ni na fita shi yana gida, har yakan hana ni barci, amma wannan ba dalili ba ne da za a zuba gadon Baba a aljihun ɗan damfara.

In koma kan aikin, don ka gane abin da muke roƙon Allah Ya kawo. Mutanen gida za su ɗauka dusa muke jira ta sauka da yawa. A'a, mun fi son ƙasa ta daskare tukuna. Rabin dajin nan dausayi ne mai taɓo. In dusa mai kauri ta sauka kafin ƙasa ta ƙanƙare, sai ta rufe taɓon ta hana sanyi shiga, sama fari tas, ƙasa kuwa ruwa. Inji na hawa sai ya nutse, ruwa ya ɓulɓulo ya jiƙa hanya, washegari wurin ya zama ƙanƙara mai santsi. Maganinsa daɓe. Ana bi da babur ɗin ƙanƙara a hankali, wani lokacin ma da ƙafa, a matse iskar da ke cikin dusar, sai sanyi ya sami hanyar ratsawa ƙasa. Kan tafki kuwa ba a hawa da babur sai ƙanƙarar ta kai kaurin santimita 15, kuma sai an huda an auna a wurare da yawa, musamman bakin da rafi ke shigowa, inda ruwa ke gudu a ƙasa.

Sabuwar dusa ba ta da nauyi, yawancinta iska ce. Santimita 10 in aka daɓe da ƙyar a sami 3. Saboda haka a saukar farko babur ne ke jan wata ganga mai faɗi, ko tsofaffin tayoyi da aka ɗaure wuri ɗaya, ana bi ana maimaitawa duk sanda aka sami sabon zubi. Gudu na ɓata aikin: gangar ta riƙa tsalle, hanya ta yi tudu da kwari, kuma in suka daskare haka sai a sha wuya kafin a daidaita su. Ƙarƙashin manyan itatuwa rassa ke tare dusar, ƙasa ta zauna tsirara, nan sai shebur, a ɗebo daga gefe a cike. Bayana ya san wannan, amma da sauƙi.

Babbar katafilar, PistenBully, ba a fito da ita sai daɓaɓɓiyar dusa ta kai wajen santimita 20 zuwa 30. Tana da nauyin tan da yawa, a bayanta kuma akwai wani rodi mai haƙora da ke juyawa yana niƙe dusa. In aka yi gaggawar sa ta a kan siririyar shimfiɗa, sai ta tono ƙasa da tsakuwa ta watsa a sama, aikin mako guda ya lalace cikin awa ɗaya. Ita ce ke barin faffaɗan fili mai ƙananan layuka don masu zamiyar wara ƙafa, a gefe kuma ta zana kwari biyu don masu tafiyar miƙe. Ƙa'idar gasa ta ce zurfin kwarin santimita 2 zuwa 5, tazarar tsakiyarsu 17 zuwa 30. Ba a zana su a gangare mai kwana, don mutum ya sami damar taka birki. Da yamma ko cikin dare ake gyaran, a bar hanya awanni ta kama jikinta, don dusar da aka niƙa sai ta huta take haɗewa ta yi ƙarfi. Wanda ya hau da wuri shi ke rusa bakin kwarin. Haka masu yawo da karnuka, haka barewar da suke kiwo a nan, ita kam ba ta karanta allon gargaɗi.

Ƙarshen watan nan ake gasar cin kofin duniya ta gudun zamiya a Ruka, nan kusa da mu, kamar kowace shekara. Ko sama ta so ko ta ƙi sai an shirya hanya, don haka awanni za su dawo. Hanyar da zakarun duniya za su bi, da hannun ɗan Inna a ciki, ka faɗa wa Kawu haka. Kuɗin rufin ɗakinta sai Disamba in Allah Ya yarda, kada a ci bashin kwano kafin nan, kada kuma a kira kafinta.

Rana yanzu ba ta daɗewa, zuwa tsakiyar Disamba hasken bai fi awa uku ba, Azahar da La'asar da Magariba duk a jere suke zuwa. Ina kewar tuwon Inna, kada ka faɗa mata, kuka za ta yi. Ka ce mata ina cin abinci sosai kuma ɗakina da ɗumi.

In an sayi hatsin a zuba a ɗakin ƙurya, a ɗora buhunan kan katako, makulli a hannunka kai kaɗai. Ka turo min hoton takardar maganin da yawan buhunan. Maganin Inna tukuna, sannan gero da masara, Auta kuma ya kira ni ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. A gaishe da Gwaggo da Kawu da yara duka.

Ƙaninka,
daga Kuusamo