Saƙon biro (shugabannin ƙungiyar ƴan Damagaram) ga ƴan uwa mazauna waje

Assalamu alaikum ƴan uwa na Abijan, Kwatano, Sabha, Tamanrasat, Makka da Faransa.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Dattijon nan mai banda na kasuwar Dole ya rasu daren Talata, an yi masa sutura washegari. Allah ya jiƙansa. Biro ya ciri jika 40 a asusu: likkafani, buhun hatsi da hayar wata biyu ga iyalinsa.

Ko sadakar uku ba a yi ba, sai ga saƙon murya yana yawo, wai kuɗin ƴan Damagaram ne, mi ya haɗa mu da ɗan gudun hijira. Mun gane muryar, mun kuma san waɗanda suka tura ta gaba. Wallahi abin ya yi mana ciwo.

Bawan Allah nan ya iso a 2015, bayan Boko Haram ta afka wa Boso da Difa cikin Fabrairu, daga shi sai tabarma da yara. Bai taɓa ɗaukar ƙoƙon bara ba. Da kwali guda na banda ya fara, har samarin Garin Malam suka koyi sana'ar a hannunsa, yau suna ci da iyayensu. Matan da suka zo tare da su ke daka tattasan da ake aiko muku a leda. In bazara ta yi, famfo ya ƙafe, ƴaƴansu na cikin masu tura kurar ga-ruwa har ƙofar gidajenmu. Tsohuwarka da ka baro a Birni, da wannan ruwan take alwala.

Gidan sarautar Damagaram kansa daga Barno tushensa yake, Zango kuma ayarin fatake suka raya shi. Ɗan uwa, kai da ke ɓuya in ka hangi ƴan sanda a ƙasar mutane, kai da ka ga yadda ake kwaso ƴan uwanmu na Kance da Matamaye daga Aljeriya cikin manyan motoci, da wane baki za ka ƙyamaci baƙo? Wanda bai yarda da kashe kuɗin ba ya kawo magana wurin taro, ba bayan ido ba.

Kuɗin wata-wata: rassa biyu ana bin su wata huɗu, sun san kansu.
Taro: Lahadin ƙarshen wata, bayan la'asar.
Marayun su biyar ne, uku suna lakwal. Mai niyyar taimako ya tuntuɓi ma'aji.

Wassalam,
Biro