A Rubuta Abin da Kowane Gari Yake Taƙama da Shi a Bakin Hanya

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili mu yi magana a kan taƙama da garin haihuwa, da yadda take haɗa mutanen da ba su taɓa ganin juna ba.

Duk wanda ya saba shiga motar haya a tashoshin Bauchi ko Gombe ya san yadda abin yake farawa. Kafin a fita gari kowa ya kame bakinsa. Can sai wani ya dubi na kusa da shi ya ce, "Malam, mutumin ina ne?" In aka ce Bauchi, sai a ce ai masarku ba ta da ta biyu. In aka ce Kaltungo, sai zancen asibitin saran maciji ya taso, wani daga kujerar baya ya ce ai can aka kai ƙaninsa da kububuwa ta sare shi a gona. In kuwa Bafulatani da Babarbare ne suka haɗu, ranar direba ba zai yi gyangyaɗi ba saboda wasan da ke tsakaninsu. Kafin a sauka an karɓi lambar juna. Wani ya samu mai nuna masa masauki, wani ya samu dillalin da zai auno masa wake a kasuwar Tudun Hatsi ta Gombe. Zumunci da ciniki da yawa, har da aure, daga irin wannan hira suka samo asali.

Abin da ke damunmu shi ne hirar tana ƙara zama fanko. Ka tambayi saurayi da me garinsu ya shahara, sai ya ambaci sunan wani ɗan siyasa ya yi shiru, alhali garin yana da abin faɗa. Nafada ta riƙe hedikwatar masarautar Gombe daga 1913, bayan an taso daga Gombe Abba, har zuwa 1919 da aka koma Doma, wato garin Gombe na yanzu. A Bormi, kusa da Bajoga, aka gwabza da Turawa ranar 27 ga Yulin 1903, kuma a nan Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi shahada. Sai a 1916 fadar Katagum ta dawo Azare, tsohon garin Katagum na Malam Zaki yana nan da mutanensa. Wanda ya fi ba mu takaici shi ne Kafin Madaki. Motocin Kano suna ratsa garin dare da rana, amma matafiyi zai wuce bai san cewa a ciki akwai gidan Madaki da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina ba, maginin da ya yi masallacin Juma'a na birnin Zariya, gidan kuma gwamnati ta sa shi cikin kayan tarihin ƙasa tun 1956. Gari mai wannan a hannu bai kamata ɗansa ya rasa abin faɗa a cikin mota ba.

Shawararmu ita ce kowane gari ya tantance abu biyu ko uku da yake taƙama da su, ya rubuta a allo ya kafa a mashigarsa. Ba aikin jiran gwamnati ba ne, ƙungiyar ci gaban gari ko ta tsofaffin ɗalibai za ta iya.

Tantancewar ita ce mai wuya, kuma nan ake yawan tuntuɓe. A nemi izinin hakimi ko dagaci tukuna, don duk abin da aka yi a bayan idonsu ba ya daɗewa. Sannan a zauna da dattawa aƙalla uku, kowanne shi kaɗai. In aka tara su wuri ɗaya, wanda ya fi shekaru ko sarauta shi zai yi magana, sauran su riƙa cewa haka ne ko da sun san ba haka ba ne. A ɗauki muryarsu a waya, a rubuta ranar da aka yi hirar. Kada a tsaya kan gidan sarauta kawai. Sarkin pawa, sarkin maƙera, limamin gari da tsofaffin mata masu sana'a suna riƙe da abin da fada ba ta riƙe ba. Abin da baki uku suka haɗu a kansa shi za a ɗauka. In akwai shekara a ciki, a tura wani ɗan garin da ke karatu ya duba a Gidan Arewa ko ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kaduna, inda rahotannin gundumomi na zamanin Turawa suke. Shekarar da ba a tabbatar ba a bar ta. Gara a rubuta "zamanin Sarki wane" da a ƙaga lamba, domin ranar da wani masani ya ƙaryata layi ɗaya, duk allon ya zube a idon mutane.

Akwai maganar da ba ta hawa allo ko kaɗan: wa ya riga wa zuwa, da wace ƙabila ce mai gari. Jihohinmu biyu sun ɗanɗana abin da wannan gardama take haifarwa. A tsaya kan abin da Musulmi da Kirista, Bajari da Bafulatani, Batangale da Babole za su karanta kowa ya ji nasa ne: dutse, kogi, kasuwa, sana'a, makaranta, abinci. Dadin Kowa tana da madatsar ruwa a kan kogin Gongola. Dindima ita ce mararrabar da ake karyawa zuwa Yankari, inda ruwan Wikki yake fitowa da ɗumi kusan digiri 31 rani da damina. Ƙauyen da ba shi da komai sai ranar kasuwarsa da albasarsa, to ya rubuta su, wannan ma abin faɗa ne, kuma shi ne ma ya fi amfanar fatake.

Shi kansa allon, falle ɗaya na ƙarfe mai faɗin ƙafa huɗu da tsawon ƙafa takwas ya isa. A yi masa firam, a ɗora a kan bututun ƙarfe biyu masu kauri, kada a yi da katako, gara za ta cinye shi kafin damina biyu. Ramin kowane bututu ya kai zurfin ƙafa biyu, a cika da kankare, a walda guntun rodi a gindin bututun a gicciye yadda ba za a iya zare shi ba, saboda masu jari-bola. A fara shafa jan fenti mai hana tsatsa kafin fentin mai, in ba haka ba ruwan farko zai fara ɓamɓare rubutun. Farin rubutu a kan kore ko shuɗi mai duhu ya fi fitowa. Layi kada ya wuce biyar, kowane harafi ya kai tsawon tafin hannu, don mai wucewa a mota daƙiƙa kaɗan gare shi. A rubuta da boko, a sa sunan garin da ajami ma. Mai fentin kuma a tsaya a kansa ya sa lanƙwasar ƙ da ɗ da ɓ daidai. A kafa shi nesa kaɗan da kwalta, inda mota take rage gudu, kamar kusa da tasha ko masu sayar da kaya, ba a kan kwana ba.

Hoton ɗan siyasa ko sunan wanda ya ba da kuɗi kada ya hau. Allon da ke ɗauke da fuskar mutum, ranar da mulki ya juya za a tuge shi. Sannan a ɗora wa mutum ɗaya alhakin ɓare fastocin da za a liƙa a kai lokacin zaɓe, a kuma sake fenti duk bayan shekara biyu ko uku, don rana da ƙurar hunturu ba sa barin launi.

Kai kuma Malam Edita, roƙonmu gare ka shi ne ka ware ɗan gurbi kowane mako, gari ɗaya a kowane fitowa, masu karatu su aiko da abin da garinsu ya shahara da shi tare da inda suka samo bayanin. A fara da ƙananan garuruwa irin su Dass, Shira, Tula, Dukku da Kashere, kafin a zo kan Bauchin Yakubu da Gombe ta Buba Yero, waɗanda ba su rasa masu yi musu kirari ba. In wani ya ga kuskure, a buga gyaransa a mako na gaba.

Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
Wasu masu karatu daga Bauchi