A Nemo Bakteriya Masu Kare Shuka Daga Cikin Ƙasarmu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in jawo hankalin manoma da hukumomi kan wata hanyar yaƙi da cututtukan shuka da ba a cika maganarta ba a wajenmu, wato amfani da ƙwayoyin bakteriya masu amfani a rage yawan feshin guba.

Yawancin mutane da sun ji an ambaci bakteriya sai hankalinsu ya tafi ga cuta, alhali a cikin ƙasar da ke manne da saiwar kowace shuka akwai waɗanda aikinsu kariya ne. Wasu suna mamaye jikin saiwa su cinye abincin da ƙwayar cuta take buƙata, wasu suna janye sinadarin ƙarfe daga wurin har ta rasa abin da za ta rayu a kai, wasu kuma suna fitar da sinadarin da yake kashe ta kai tsaye. Wannan ba sabon ilimi ba ne. Tun farkon shekarun 1970 masanin nan Allen Kerr na Jami'ar Adelaide a Ostareliya ya gano nau'in da ake kira K84, wanda ake tsoma saiwar ƙananan itatuwa a cikin ruwansa kafin dashe, ya hana su kamuwa da cutar da take sa kututture ya yi ƙulli. A yau kuma ana sayar da wata bakteriya mai suna Bacillus subtilis a ƙasashe da dama domin kare kayan lambu daga cututtukan fumfuna.

Abin da nake so a fahimta shi ne waɗannan ƙwayoyi masu rai ne, kuma nan ne tsoron da nake ji yake. Duk wanda ya san yadda ake baje maganin feshi a kasuwannin ƙauye, a kan tabarma cikin ranar watan Afrilu, ya san cewa kwalbar da aka bari haka za ta isa hannun manomi babu komai a ciki sai gawa. Idan ya fesa bai ga biyan buƙata ba, zai ce yaudara ce, kuma ba zai ƙara saya ba. Jinsin Bacillus ya fi dacewa da mu, domin yana naɗe kansa cikin ɓawo mai jure zafi da fari, saɓanin jinsin bakteriyar Pseudomonas wanda ba ya daɗewa a ajiye. Haka kuma aikinsu rigakafi ne. Ana sa su a jikin iri ko wajen reno tun cuta ba ta shiga ba, kuma ba a gauraya su da maganin da ke ɗauke da sinadarin jan ƙarfe, domin yana iya kashe su.

Saboda haka a ganina shigo da su daga Turai ba zai wadatar ba. Ƙwayar da ta saba da sanyin can ba lalle ne ta yi ƙarko a fadamar Kadawa ko ta Haɗeja ba. Cibiyar binciken aikin gona ta ƙasa da ƙasa, IITA, da ke Ibadan ta riga ta nuna hanya da Aflasafe, wanda duk da cewa fumfuna ne ba bakteriya ba, daga gonakin Nijeriya aka zaɓo shi domin rage gubar afulatoksin a masara da gyaɗa. Me zai hana Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, ta samu kuɗin da za ta yi irin wannan aiki a kan cututtukan tumatir da barkono da albasa?

Ina kuma kira ga hukumar NAFDAC da ta riƙa gwada irin waɗannan magunguna da ake sayarwa a shaguna, ta tabbatar ƙwayoyin da ke ciki suna da rai, sannan gwamnatocin jihohi su horar da malaman gona da dillalan magani kan yadda ake ajiya kafin a fara rabawa.

Wassalam.

Wani tsohon malamin gona,
Kura, Jihar Kano.