Tiyon iska na karbirato: a daina saka shi da ka

Malam Edita,

Da yawa daga cikin tsoffin motocin da ke kakkarwa a ralanti nan Damagaram ba karbirato ne ya lalace ba, tiyon iska ne aka mayar inda ba wurinsa ba bayan wanki.

Kafofin da ake saka tiyon iska a cikinsu iri biyu ne. Ta ƙarƙashin malam-buɗe-littafin karbirato, wato faifan da ke buɗe wa iska hanya in an taka totur, tana zuƙa ko a ralanti. Nan ake haɗa babban tiyon birki mai bawul. Ta samansa ba ta zuƙa sai an taka totur, kuma a yawancin motoci ita ce ta tiyon distiribita. Gwajin ba wuya: a tada mota, a ɗora yatsa kan kowace kafa; wadda ta zuƙi yatsa a ralanti ita ce ta ƙasa.

In aka kai tiyon EGR, wato bawul mai mayar da hayaƙi cikin inji, kafar ƙasa, bawul ɗin zai buɗe a ralanti, hayaƙi ya koma ciki, mota ta mutu a tsaye. Sai wani ya hau murɗa sukurun ralanti, ya ƙara dagula lamarin.

A duba zanen da ke cikin kapo, a canza tiyo ɗaya bayan ɗaya. Zafinmu yana tsattsaga roba, don haka a yanke bakin ko a sa sabo daidai girmansa, a toshe kafar da ba a amfani da ita.

Wasu makanikai,
Zinder