Zuwa ga Babangida a Kalgari ta Kanada, kan maganar hokin Halifa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Babangida, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Mu nan Zariya sai godiya. Damina ta zauna, masara ta fara bunni, Ummanku kuma ƙafar ta yi sauƙi har tana zuwa islamiyya da kanta.

Saƙonka ya iso tun Laraba. Da gangan na ƙi amsawa ta waya, domin na san halinka: "To Baba, to Baba" za ka yi ta yi, ka ajiye waya ka aikata abin da ka riga ka ƙudura. Takarda kuwa tana zama, kuma ina so ka ba Maman Halifa ita ma ta karanta, tunda maganar ta ku biyu ce.

Ka ce abokina Halifa ya kafe sai an sa shi hokin ƙanƙara, 'yan ajinsu duk suna yi, kai kana so, uwarsa tana tsoro. To, ban hana ba. Yaron da aka haifa a garin da ƙanƙara ke rufe ƙasa wata da watanni, hana shi hoki kamar hana ɗan Tudun Wada buga ƙwallo a layi ne. Zai tsaya a gefe yana kallo, kuma ba zai manta ba. Amma tsoron uwarsa ba tsoron banza ba ne. Shekara talatin na yi ina karɓar mutane a ɗakin 'yan haɗari, kuma wata ukun da na yi a wurinku ban yi su ido rufe ba.

Ka tuna ranar Asabar ɗin da maƙwabcinku ya kai mu kallon wasan ɗansa? Kafin a fara, ya miƙo mini faifan robar da suke bugawa. Na ɗauka abu ne mai laushi kamar ƙwallon yara, sai na ji shi a tafin hannuna kamar dutsen guga, baƙi ƙirin, nauyinsa wajen giram 170. A wasan manya har daskarar da shi ake yi kafin a shiga fili. Wani ƙato mai suna Zdeno Chara ya taɓa buga shi da gudun kilomita 175 a awa a 2012. Yara ba su kai ko kusa ba, na sani, amma haƙorin yaro da idonsa ma ba su kai na Chara ƙwari ba. Sannan na ɗauki takalmin na shafa ƙarfen ƙasansa da babban yatsa, sai mutumin ya riƙe mini hannu. Ashe washi ake kai shi a kai a kai, kamar wuƙar mahauci. Yara goma sha biyu a fili, kowanne da wuƙa biyu a ƙafa da sanda a hannu, kewaye da katanga.

Wuƙar nan ce ta kashe Adam Johnson a Sheffield ta Ingila ranar 28 ga Oktoban 2023, ɗan shekara 29, ƙwararre wanda ya taɓa buga wa NHL, babbar gasar hoki ta Amurka da Kanada. Takalmin abokin karawa ya same shi a wuya a gaban dubban 'yan kallo. Tun a 1989 irin haka ta faru da golan ƙungiyar Buffalo, Clint Malarchuk, sai dai shi da sauran kwanansa: mai kula da lafiyar ƙungiyar tsohon ma'aikacin jinyar soja ne da ya yi Biyetnam, ya ruga ya danne jijiyar da yatsunsa bai saki ba. Ni na san abin da jijiyar wuya ke yi idan ta buɗe, mintuna ne ƙalilan. A Kanada dole ne yara su sa makarin wuya, kuma abin ba shi da tsada, ko kuɗin cefanen kwana ɗaya bai kai ba. Inda matsalar take, yaro yana jin zafi ya sassauta shi, ko ya manta shi a jaka ranar atisaye, ba wanda ya duba. Kai za ka duba, da hannunka, kowace rana.

Amma ba wuƙar ce ta hana ni barci a daren ba. Yankan wuya abu ne da ba kasafai yake faruwa ba. Abin da ke faruwa kullum shi ne buguwar kai. Kai kana waje kana amsa waya lokacin, ba ka gani ba. Wani yaro, bai fi shekara goma ba, ya zame da gudu ya gwara kansa da katanga. Ya yi kwance kamar daƙiƙa biyar, ya miƙe, ya nufi bencin da ba nasu ba kafin ya gane ya juya. Ni daga inda nake na ga idon yaron ba ya tsayawa wuri ɗaya. Ubansa yana bayana yana daka masa tsawa ya tashi ya nuna shi namiji ne, bayan 'yan mintuna kuma aka mayar da shi fili. Na yunƙura zan yi magana, na tuna ni baƙo ne da rigar sanyin aro, na koma na zauna. Har yau ina jin haushin kaina.

Ka riƙe wannan daga bakin wanda ya ga 'yan acaɓa ba adadi: hular kwano tana hana ƙoƙon kai fashewa, ba ta hana ƙwaƙwalwa girgiza a cikinsa. Kuma ba sai mutum ya suma ba. Sau da yawa hoton kai ma lafiya lau yake fitowa. Abin da za ka lura da shi shi ne ciwon kai, jiri, amai, ƙyamar haske, yawan barci, maimaita tambaya ɗaya, ko yaro mai fara'a ya koma mai saurin kuka. Idan ka ga ko ɗaya, wasan ranar ya ƙare, ko wasan ƙarshe na kofi ne, kuma ba zai koma ba sai likita ya sallame shi. Bugu na biyu a kan na farkon da bai warke ba shi ne mugun. Sidney Crosby, wanda a lokacin babu kamarsa a duniya, ya bugu a farkon Janairun 2011, bayan 'yan kwanaki ya sake buguwa, bai ƙara taka fili ba sai Nuwamba. Shi da likitoci ke kewaye da shi ke nan.

Ka ce mini yanzu an gyara dokoki. Gaskiya ne, kuma a garinku aka yi aikin da ya jawo gyaran. Wata farfesa a Jami'ar Kalgari, Carolyn Emery, ta kwatanta yaran jiharku ta Alberta 'yan shekara 11 da 12, waɗanda aka yarda su bangaji juna da jiki, da takwarorinsu na jihar Kebek da ba a yarda musu ba. Sakamakon da ya fito a 2010 ya nuna na Alberta sun ninka sau uku wajen jin rauni da buguwar ƙwaƙwalwa. A 2013 aka hana bangazar a wannan shekarun a duk faɗin Kanada. To Halifa yana da shekara bakwai, yana da sauran lokaci. Amma ranar tana zuwa, yana cika sha uku maganar za ta taso, kuma akwai rukunin da ba a bangaza ko yaro ya girma. Ku yanke shawara tun yanzu da hankalinku kwance, kafin ranar da zai tsaya gabanka da gashin baki ya fara tsiro yana cewa rukunin ragwaye ne. Mutanen wasan nan suna da jinkirin ɗaukar darasi. Bill Masterton ya mutu a 1968 bayan kansa ya daki ƙanƙara ba hula, amma sai a 1979 aka tilasta wa sababbin 'yan wasan NHL sa hular kwano.

Yanzu kuɗi. Kafin ka ce komai, ba don abin da kake aiko mana nake wannan magana ba. Fanshona da gonar nan sun ishe mu tuwo.

Hoki kamar doki ne. Ka tambayi masu folo a Kaduna, sayen dokin shi ne mai sauƙi, harawa da dusa da ɗan barga su ne ke cinye mutum. Lissafin da ka turo mini na kuɗin rajista ne da kayan farko kawai. Ba ka sa washin takalmi ba, ba ka sa cewa ƙafar yaro tana girma kusan duk shekara ba, ba ka sa man mota da kuɗin otal na gasar wani gari ba, balle karo-karon ƙungiya da darasin bazara da za a ce maka in bai yi ba za a bar shi a baya. A shagon da muka shiga na ga sanda ɗaya ta haura dala 300, sandar da kan karye a bugu ɗaya, na ga takalmin manya ya haura dala 1,000. Idan yaro ya kai rukunin ƙoli na wasan yara da suke kira AAA, dala 10,000 a shekara ba abin mamaki ba ne, wasu ma sun fi haka nesa. Ba rana ɗaya ake kai wa can ba. Kaɗan-kaɗan ake hawa, kowane mataki da wani koci mai daɗin baki da zai ce maka yaronka na daban ne.

Nan ne nake jin tsoronka, ba tsoron Halifa ba. Na ga yadda fuskarka ta yi da kake ba ni labarin Jarome Iginla, ɗan Bayaraben da ya zama kyaftin ɗin Flames, ƙungiyar garinku, ya ci ƙwallo 625, da Nazem Kadri da ya ɗauki Kofin Stanley, kofin zakarun NHL, ya kai masallacin garinsu a 2022. Ni ma na ji daɗi. Amma ƙungiyoyin NHL 32 ne, kuma a shekara matasa 224 suke zaɓa daga duk duniya, cikinsu ma da yawa ba sa taɓa buga wasa ko ɗaya a babbar gasar. Kada ka ci bashin katin banki a kan wannan lissafi, kada ka taɓa asusun karatunsa, kada ƙanwarsa ta rasa darasin ninƙaya don an sayi sanda. Ka fara da shirin nan na First Shift da ake yi wa 'yan shekara 6 zuwa 10, inda ake ba yaro kaya daga kai har ƙafa da darasi shida a kuɗi mai sauƙi. In ya gama har yanzu yana so, sai ƙungiyar unguwa. Wando, safar hannu, makarin gwiwa, har takalmi, ka sayi gwanjo ba kunya, Turawan ma haka suke yi. Hular kwano ce kaɗai ban yarda da gwanjonta ba, don ba ka san bugun da ta sha ba. Sabuwa, mai tambarin CSA na hukumar tantance ingancin kaya ta Kanada, da ragar fuska cikakkiya, daidai kansa, ba wadda "zai girma ya cika ta" ba. Ka kuma tambayi wurin aikinka ko inshorarku ta haɗa da haƙori, domin katin lafiyar gwamnati ba ya biyan yawancin aikin haƙori, kuma likitan haƙori a ƙasar nan taku ba ya wasa.

Hanya ma haɗari ce. A Afrilun 2018 tirela ta ƙi tsayawa a mahaɗa a Saskatchewan ta afka wa bas ɗin matasan 'yan hokin garin Humboldt, mutum 16 suka rasu. Kai da ka tashi daga aikin dare, kada ka ɗauki yaro da duhun asuba kan titi mai santsi don kada a ce ya makara atisaye. Ya makara.

Saura abu ɗaya da hular kwano ba ta karewa. Akwai wani Akim Aliu, a Okene aka haife shi, nan jihar Kogi. Yana ɗan shekara 16 a ƙungiyar matasa ta Windsor, a 2005, aka ce sababbin 'yan wasa su tuɓe tsirara a cusa su cikin bayan gidan bas. Ya ƙi. Daga baya wani abokin wasansa ya doke shi da sanda a baki a wajen atisaye, haƙoransa suka zube. A 2019 ya fito ya faɗi irin zagin launin fata da wani koci ya yi masa shekaru baya, kocin kuwa a lokacin shi ke riƙe da Flames ɗinku, sai da ya ajiye aiki. Halifa zai shiga ɗakin canza kaya a matsayin baƙin yaro, Musulmi, wataƙila shi kaɗai. Yanzu yana ƙarami kai ne za ka durƙusa ka ɗaure masa igiyar takalmi, to ka yi amfani da damar ka san kocin da iyayen sauran yaran. Kada ka yarda a bar shi da babba su biyu kawai a ɗaki ko a mota, ko waye. Kuma a hanyar komawa gida ka bar tambayar ƙwallo nawa ya ci. Ka tambaye shi wa ya zauna kusa da shi, me aka ce, me aka yi dariya a kai. Yaro ba ya kawo ƙara in ya ga uban ya fi shi son abin.

Idan kun amince da wannan ku biyu, ku sa shi, Allah Ya tsare. Idan Maman Halifa ta ce a ƙara shekara ɗaya ya fara koyon tafiya kan ƙanƙara tukuna, ka bi ta, babu abin da zai wuce shi.

Kuɗin hular kwano da makarin wuya ni zan biya, kada ka yi mini gardama, ka cire daga na watan gobe. Ka ce wa abokina in ya sa kayan a ɗauke shi hoto a turo, ina so in ga ko ya fi ni kyau, ni da na faɗi sau uku a ƙofar gidanku ba tare da kowa ya bangaje ni ba. Ummanku ta ce a tambaye ku ko yajin da daddawar sun ƙare, akwai mai tahowa bayan Sallah.

Ka gaida ɗiyata da amaryata ƙarama. Allah Ya yi muku albarka.

Mahaifinka,
daga Zariya