Wasiƙa zuwa ga abokan cinikinmu kan maganar taki

Assalamu alaikum, alhazai da hajiyoyi da 'yan'uwa manoma na Marwa da Mora da kewaye.

Da yawanku kun zo shago kuna tambayar dalilin da buhun yuriya ya yi tsada a wurinmu, alhali ana kawo wani daga Najeriya a kan babur da rahusa. Kuna da haƙƙin jin amsa.

Kamaru ba ta iya juya wa Najeriya baya. Atamfa, man zuwa-zuwa (fetur ɗin da ake sayarwa a bakin hanya), kayan roba, daga can suke shigowa, albasarmu da shanunmu kuma can suke tafiya. Kowa ya ji a jikinsa lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, haka ma da aka cire tallafin mai a Mayun 2023. Amma ƙofar da arziki ke bi, ita masifa ta biyo. Ba mu manta da harin Boko Haram a Kolofata na 2014 ba, ko yadda kasuwar Amchide ta bakin iyaka ta koma kango, ko bama-baman da suka tashi a nan Marwa a Yulin 2015.

Taki yana tsakiyar wannan lamari. Yuriyar da ke sa albasa ta yi ƙwai, da ita ake haɗa abin fashewa, shi ya sa hukumomin tsaron Najeriya suka taƙaita zirga-zirgarta a arewa maso gabas. Buhun da ya ratso daji da dare ba wanda ya san hannu nawa ya bi, ko wa aka biya kafin ya wuce. Wani ma idan ka kwance bakinsa sai ka ga an sake ɗinki, ƙasan duk yashi. Mu dai ba za mu sayar da irinsa ba, ko da cinikinmu zai ragu.

Takinmu na bana ta Duwala yake zuwa: jirgin ƙasa zuwa Ngawundare, sannan mota ta Garwa, da takardun duwan (kwastan) cikakku. Hanyar ta yi nisa, kuɗin mota ya hau kan buhu, mun kuwa san halin da mai lambu yake ciki.

Don sauƙaƙawa, ƙungiyar manoma da ta haɗa kuɗi ta saya a tare za mu rage mata, tsofaffin abokan hulɗa kuma su biya rabi yanzu, ragowar bayan an cire albasa. A zo da katin shaida, domin muna rubuta sunan duk wanda ya ɗauki buhu. Masu dashen rani su yi rajista da wuri.

Allah Ya ba mu lafiya da zama lafiya.

Naku,
Masu shagon kayan noma, Marwa